Akwatin Imel Ɗaya a Kwamfuta da Waya: Abin da Na Gani a Thunderbird

Duk wanda ke da akwatin imel ɗaya da ake buɗewa a wuri biyu, kwamfutar ofis da wayar mai gida, kuma saƙonni sun fara masa wasan ɓuya, shawarata ita ce ya saka manhajar imel ta Thunderbird a kwamfutar. Ba don ta fi sauran manhajoji kyan gani ba, don ba ta fi su ba. Abin da ya sa nake yaba ta shi ne tana fito maka da kowane saiti a fili: ina saƙo yake zama, yaushe ake goge shi, wa ke goge shi. Matsalar akwati ɗaya mai hannu biyu kusan kullum a waɗannan tambayoyi uku take, kuma manhajar da ta ɓoye maka amsarsu don ta sauƙaƙa maka, ba ta taimake ka ba ranar da takarda ta ɓace.

Ni ke riƙe da harkar takardu a ofishin kawuna a kasuwar Dawanau. Riɗi da zoɓo ne kasuwancinmu, wani lokacin da citta. Ciniki a waya ake yin sa, ko a WhatsApp, amma in an zo kan takarda sai imel: takardar farashi, shaidar lafiyar kaya, kwafin takardar lodin jirgi da ejan ɗinmu na Apapa ke turowa, da dogayen wasiƙun masu saye daga Turkiyya da Meziko. Adireshinmu ɗaya ne, mai ɗauke da sunan kamfani, a wurin wani kamfanin ajiye shafukan intanet da ya ba mu gigabait 2 kacal. Kawu yana buɗe shi a wayarsa ta Android. Ni kuma a kwamfutar ofis, wadda na tarar da wata tsohuwar manhajar imel a ciki, wani mai gyara ne ya saita ta tun kafin in fara zama a ofishin.

Ƙorafin Kawu guda ɗaya ne, kuma bai canza ba. Da dare zai ga saƙo a waya, ya karanta, ya bari sai da safe. Da safe in ya zo nema, babu shi.

“Kai, ina wasiƙar Baturken nan da na gani jiya? Kai ka goge ta?”

“Kawu, ban taɓa ta ba. Ku duba, ga ta nan a kwamfuta.”

“To me ya fitar da ita daga wayata?”

Tana kwamfutar kuwa, lafiya lau. Ɗaya ɓangaren ya fi wannan haɗari: in Kawu ya amsa wa mai saye daga waya, amsar ba ta bayyana a kwamfuta. Sai mutum ya rubuto yana cewa ya amince da farashin da aka ba shi, ni kuma da zan haɗa takarda ban ga farashin ba, sai na bi Kawu har rumfa in tambaya.

Sanadin bai da wuyar ganewa in an san hanyoyi biyu da manhaja ke ɗauko imel. Akwai POP, akwai IMAP. POP ya girme, tun 1984 aka fara tsara shi, nau'insa na uku da ake amfani da shi har yau ya fito a 1988, zamanin da mutum ke da kwamfuta ɗaya, ya haɗa layi na ɗan lokaci, ya kwashe wasiƙunsa ya kashe. Aikinsa kamar yaron da ake aika gidan waya ne da makullin akwati: ya buɗe, ya kwashe duk abin da ke ciki, ya kawo gida, duk wanda ya je bayansa ya tarar da akwati wayam. IMAP kuwa, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a jami'ar Stanford a 1986, yana barin saƙonni a kan sabar, wato kwamfutar kamfanin da ke ajiye imel ɗin, kowace na'ura ta leƙa ta gani, abin da ɗaya ta yi sauran su gani. Mai gyaran nan ya saita kwamfutar da POP, bai sa ta bar kwafi ba. Wayar Kawu kuma tana kan IMAP. Da na kunna kwamfuta da safe sai ta kwashe komai, wayar ta leƙa sabar ta ga babu, ita ma ta share daga fuskarta. Saƙon da aka aika kuwa, POP bai san da shi ba sam, don akwatin shigowa kaɗai yake gani.

Saka Thunderbird bai ba ni wahala ba. Kyauta ce, babu talla a cikinta. Ka rubuta suna, adireshi da kalmar sirri, ta je ta nemo saitin da kanta, sannan ta ajiye maka zaɓi biyu a gabanka, IMAP da POP3, da ɗan bayani a ƙarƙashin kowanne. Nan ne wurin da bai kamata a yi gaggawa ba. In adireshinka na Gmail ne ko wani babban kamfani, saitin yana fitowa daidai. In irin namu ne mai sunan kamfani, wani lokacin laluɓe take yi, don haka gara ka buɗe takardar da masu ajiye maka shafi suka turo ka gwada lambobin ƙofar shiga sabar, wato port, da idonka. IMAP mai tsaro yana kan 993, POP mai tsaro 995, hanyar aikawa kuma 465 ko 587. Da ka ga 995 ko 110, wato na POP mara tsaro, a saitin wata na'ura, ka kama wanda ke kwashe akwatin.

Abu ɗaya da ya kamata a sani tun farko: Thunderbird ba ta juya asusun POP ya koma IMAP a wuri ɗaya. Sai dai ka buɗe sabon asusu da IMAP, ka kwashe tsofaffin saƙonni, sannan ka cire tsohon. Ina ganin wannan gazawa ce, don yawancin masu zuwa neman mafita daga POP suke gudowa. Amma tana da wani sashe mai suna “Local Folders”, wato foldojin da ke zaune a kan kwamfutar kaɗai ba ruwansu da sabar, kuma shi ya fitar da mu. Tsofaffin wasiƙunmu na shekaru sun fi ƙarfin gigabait 2, ba yadda za a yi a mayar da su duka sabar. Na fitar da su daga tsohuwar manhajar a matsayin fayil-fayil masu ƙarshen .eml, na ja su na zuba a foldojin kwamfuta, na kasa su shekara-shekara. Na kakar bana kaɗai na ɗora kan sabar don Kawu ya riƙa ganinsu a waya. Wanda zai yi irin wannan ya riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan, kuma ya yi kwafi ba kwashewa ba, sai ya tabbatar sun isa sannan ya goge na asali. Netwok ɗinmu ba abin yarda ba ne a tsakiyar aiki.

Ga masu son su ci gaba da POP duk da haka, wataƙila don akwatinsu ƙarami ne, akwai tarko a saitin da Thunderbird ke zuwa da shi. Tana barin kwafi a sabar, amma na kwana 14 ne, kuma in ka goge saƙo a kwamfuta tana goge shi a can. Ma'ana wayar mai gida za ta riƙa ganin saƙo mako biyu, sannan ya ɓace. Wannan ya fi ɓacewar safiya rikitarwa, don babu wanda zai danganta shi da kwamfutar. A “Server Settings” ake cire alamar. Masu Gmail da ke son na'ura biyu su ɗauka ta POP kuma, Google ta tanadi wata dabara: a rubuta recent: a gaban adireshin a wurin sunan mai shiga, sai kowace na'ura ta samu saƙonnin kwana 30 na baya ko da ɗayar ta riga ta ɗauka. Yana aiki, amma ni dai ban ga dalilin wahalar ba tunda ga IMAP.

Da na koma IMAP na zaci magana ta ƙare. Ashe saura foldar aikawa, kuma a nan ne na fi jin daɗin manhajar. Da ta jero foldojin da ke kan sabar sai ga su har uku masu aiki ɗaya: “Sent”, “Sent Items”, da “Sent Messages”. Kowace manhaja da ta taɓa shiga akwatin ta ƙirƙiri tata. Outlook ya saba da ta biyun, manhajar imel ta Apple ta saba da ta ukun, shafin imel na kamfanin da ke ajiye mana kuma yana zubawa a ta farkon. Amsoshin Kawu da nake nema duk suna nan, a foldar da babu mai buɗewa. Haka kwandon shara ya kasu biyu, haka foldar saƙon banza. A Thunderbird akwai shafi guda, “Copies & Folders”, inda za ka nuna mata da hannunka: abin da na aika ki sa a nan, abin da ban gama rubutawa ba ki sa a can. Dabarar ita ce kada ka yi jayayya da waya. Yawancin manhajojin waya ba su ba ka wannan zaɓi a sarari, don haka ka tura wa kanka saƙo daga wayar, ka ga foldar da ya faɗa, sannan ka sa Thunderbird ta bi ta. Sauran foldojin ka kwashe abin da ke ciki ka haɗa wuri ɗaya ka goge su. In wata folda da aka buɗe a waya ba ta fito a kwamfuta ba, danna dama a kan sunan asusun, ka zaɓi “Subscribe”, ka sa mata alama. Ba ɓacewa ta yi ba, ba a ce a nuna ta ba ne.

A asusuna na kaina, wanda yake Gmail, lamarin ya juya. Gmail tana ajiye kwafin duk abin da aka aika ta hanyarta da kanta, shi ya sa Google ke ba da shawarar a hana manhaja ajiye nata kwafin. Sannan abin da Gmail ke da shi lakabi ne ba folda ba, saƙo ɗaya yana iya ɗaukar lakabi uku, sai Thunderbird ta nuna shi a wuri uku, ga kuma “All Mail” da ke ɗauke da komai. Mai ganin haka ya ce saƙonni sun ninku ya hau gogewa, zai yi asara, don in ya jefa ɗaya a kwandon shara duka sun tafi. Saƙon ɗaya ne, fuskokinsa ne da yawa.

Maganar gogewa ita ce wadda na zaunar da Kawu a kanta. A da in ya goge abu a waya don ta yi masa sauƙi, kwamfuta tana da nata kwafin. Yanzu babu wannan. Na ce masa, “Kawu, daga yau abin da kuka goge a nan ya tafi a can ma.” Ya ce to ai wancan tsarin ya fi. Yana da gaskiya ta wani gefen, kuma masu tallata IMAP ba su cika faɗin wannan ba: daidaituwa ba ajiya ba ce. Kuskuren yatsa ɗaya a waya yana isa kowace na'ura cikin daƙiƙoƙi. Abin da muka tsayar shi ne duk takardar da ta shafi kuɗi ko kwantena ina kwafe ta zuwa foldojin kwamfuta ranar da ta shigo, kuma na cire alamar da ke sa Thunderbird ta zubar da kwandon shara duk lokacin da aka rufe ta. Da a ce alamar tana nan, Kawu ya goge abu bisa kuskure da rana, ni na rufe kwamfuta da yamma, shi ke nan babu inda za a nemo shi.

Akwai wani saiti da nake ganin an ajiye shi a mugun wuri. A shafin “Synchronization & Storage” abu biyu ne a jere. Na sama yana cewa saƙonnin kwana nawa za a sauko da su kwamfuta, wannan ba ya cutar da komai, yana ma rage cin data. Na ƙasansa kuma yana goge saƙonnin da suka wuce wasu kwanaki, kuma a asusun IMAP har na kan sabar yake gogewa, gogewar da ba ta dawowa. An rubuta gargaɗin da Turanci a wurin, amma mai sauri da ke neman rage nauyin kwamfuta zai iya ɗaukar su abu ɗaya. Ba ta zuwa da shi a kunne, sai in mutum ya taɓa. Kada a taɓa.

Na sama kuwa ya yi mana amfani ƙwarai. Na bar ta ta sauko da komai na asusun ofis, saboda ranar da babu netwok ko data ta ƙare ina iya buɗe kowace takarda in buga, in rubuta amsa in ajiye ta a layin fita, ta tafi in sabis ya dawo. Shafin imel na burauza na kamfanin da ke ajiye mana ba ya yin haka. Sai dai saukowar farko tana shan data, musamman in akwatin cike yake da hotunan buhuna da takardun da aka sikana. Wanda yake kan data ta waya ya taƙaita ta zuwa kwana 30 na baya, ko ya sa kada ta sauko da saƙon da ya wuce wani girma sai an buɗe shi.

Sai rikicin masu tace saƙo. Thunderbird tana da ƙa'idojin da za ka kafa, misali duk abin da ya fito daga ejan ya tafi foldar Apapa. Suna aiki da kyau, amma a cikin kwamfutar suke zaune, ba sa motsi sai manhajar tana kunne. Sakamakon a wayar Kawu shi ne irin tsohon ciwon: saƙo yana akwatin shigowa da dare, da safe ya bar wurin. Bai ɓace ba, folda ya koma, amma ga wanda ba ya buɗe folda duk ɗaya ne. Na kwashe ƙa'idojin na kafa su a shafin kamfanin da ke ajiye mana imel, inda sabar ke rarraba saƙo tun yana shigowa, kowa ya gan shi a wuri ɗaya. Haka ma mai kama saƙon banza. Na Thunderbird mai koyo ne, kana nuna masa wannan banza ne, wannan ba banza ba, yana ƙara wayo. Kafin ya waye yana iya kama wasiƙar mai saye, musamman irin waɗanda Turancinsu ya karkace kuma suka cika maganar dala da banki. In sabar tana tacewa, waya tana tacewa, kwamfuta ma tana tacewa, ba za ka san wa ya ɗauke ba. A bar wa ɗaya aikin. Ni na sa Thunderbird ta yi alama kawai, kada ta matsar da komai.

Ranar da muka canza kalmar sirri kuma wani abu ya faru da ya cancanci a faɗa, don zai faru da duk mai na'ura biyu. An canza a kwamfuta, wayar Kawu tana aljihu tana ta ƙwanƙwasa sabar da tsohuwar kalma duk bayan 'yan mintoci. Sabar ta ɗauka ɓarawo ne ke gwada sa'a, ta toshe adireshin intanet ɗin ofis gaba ɗaya, har kwamfutar da ke da kalma daidai ta kasa shiga. Yadda ake gane wannan: kashe wayifai a waya ka koma data, in ta shiga to toshe ku aka yi, sai a jira ko a kira masu ajiye shafin su buɗe. Ka'idar ita ce a tara duk na'urorin a tebur ɗaya kafin a canza. A Thunderbird kalmomin da ta adana suna ƙarƙashin “Privacy & Security”, kana iya gani ka goge tsohuwar, kuma akwai biyu, ta karɓa da ta aikawa. Mutane kan gyara ɗaya su manta ɗaya, sai imel ya riƙa shigowa amma ya ƙi fita. Tunda kowa na iya buɗe wurin ya karanta kalmar, kwamfutar da yara ke taɓawa tana buƙatar a sa mata babbar kalmar sirri da ke kulle sauran, tana nan a shafi ɗaya.

Masu Gmail da Outlook.com nasu daban ne. Google ta daina karɓar kalmar sirri tsura daga irin waɗannan manhajoji a asusun mutane tun 30 ga Mayu 2022, Microsoft ta bi sahu a 16 ga Satumba 2024. Yanzu taga ce ke buɗewa ka shiga a shafin kamfanin, ya ba manhajar izini, tsarin da ake kira OAuth2. Thunderbird ta iya wannan. Tsohuwar manhajar da ba a sabunta ba ita ce za ta yi ta cewa kalmarka ba daidai ba ce alhali daidai take. A Gmail mafitarta ita ce kalma ta musamman mai harafi 16 da ake ƙirƙira wa manhajar, bayan an kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Wasu ƙananan abubuwa da na ci karo da su ba sa buƙatar dogon bayani. Kowace sabar tana da iyakar layukan da asusu ɗaya zai buɗe lokaci guda, ta Gmail 15 ce. Thunderbird tana riƙe har 5, in aka haɗa da waya da wata kwamfutar a kan ƙaramar sabar sai a fara ganin saƙon kuskure. A “Advanced” na saitin sabar na rage namu zuwa 2, ƙorafin ya tsaya. In folda ta nuna saƙon da babu shi, ko ka buɗe wani ka ga wani, yawanci bayan an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu a tsakiyar aiki, danna dama a foldar, ka shiga “Properties”, ka danna “Repair Folder”, ta sake gina jerin. A nan kuma ake ganin nawa ya rage a akwatin in sabar tana bayar da lissafin. Sannan in tsohuwar kwamfuta ta fara ƙorafin takardar shaidar tsaro, duba agogonta kafin komai. Ƙaramin batirin da ke riƙe kwanan wata in ya mutu, kwamfutar na komawa shekarun baya, sai ta ga kowace shaida ba ta inganta ba.

Abin da IMAP ba ya ɗauka shi ma a san shi, don kada a zargi manhaja. Littafin adireshi ba ya bi, sa hannun ƙasan wasiƙa ba ya bi, kalanda ba ta bi. Alamar an karanta da tauraro suna bi. Lakabobin launi na Thunderbird suna hawa sabar, amma ba kowace manhajar waya ke nuna su ba, don haka na daina dogara da jan launi wajen gaya wa Kawu abu na gaggawa ne, tauraro nake sawa. Littafin adireshi ana iya haɗa shi ta wata hanya mai suna CardDAV in sabar tana da ita. Saƙon da ba a gama rubutawa ba kuma, kada a buɗe shi a wuri biyu lokaci guda. Thunderbird tana adana shi duk minti 5, wayar ma tana adana nata, sai a wayi gari da kwafi barkatai ba a san na ƙarshe ba.

Akwai Thunderbird ta Android, ta fito a Oktoban 2024, an gina ta ne a kan wata manhajar imel ta waya mai suna K-9 Mail wadda ta koma hannun masu Thunderbird a 2022. Na saka a wayata. Abin da ya burge ni shi ne ba sai na sake rubuta lambobin sabar ba: a kwamfuta akwai “Export for Mobile”, ta nuna hoton QR, waya ta ɗauka, asusun ya shiga da saitinsa. Kuma tana ba ka damar zaɓen foldar aikawa da ta shara da hannu, abin da na ce yawancin manhajojin waya ba sa yi. Sai dai a wayoyin da ke kashe manhaja don tsimin batir, dole ka shiga saitin wayar ka cire ta daga jerin, in ba haka ba sanarwa na makara. Kawu ya kalle ta ya ce a bar masa tasa da ya saba. Ban matsa ba, kuma babu buƙata. Tunda kowa na kan IMAP kuma foldoji sun daidaita, manhaja biyu daban suna zaman lafiya.

Inda ba ta gamsar da ni ba: saitunanta a warwatse suke, wasu a saitin asusu, wasu a babban saiti, wasu sai ka danna dama a folda, kuma duk bayanin da na ambata da Turanci na karanta shi. An gyara fuskarta a 2023 da fitowar lamba 115, ta fi da kyau, amma wanda ya saba da Gmail a waya zai ga kayan sun yi yawa. A tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙwaƙwalwa tana yin nauyi ranar farko lokacin da take jera saƙonni don bincike, daga baya ta saki. Binciken kuwa yana da kyau, lambar kwantena kawai nake rubutawa ta fito da duk wasiƙar da ta ambace ta, har na foldojin kwamfuta. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna tafiya daidai. Babu lambar da za ka kira in ka maƙale, sai shafukan taimako na intanet. Manhajar ta fito daga gidan Mozilla masu Firefox, nau'inta na 1.0 a Disambar 2004, kuma tun 2020 wani reshensu mai suna MZLA Technologies ke tafiyar da ita da gudummawar masu amfani. Shi ya sa lokaci-lokaci take buɗe shafin neman tallafi, ka rufe ka ci gaba.

Wanda waya kaɗai yake da ita da Gmail ɗaya, ba ya buƙatar wannan duka. Haka ofishin da ke da wuta da intanet ba yankewa, burauza ta ishe su. Thunderbird ta ofis irin namu ce: ƙaramin akwati, tsofaffin takardun da ba a son rasawa, netwok mai zuwa da tafiya, da mai gida da ke amsa wasiƙa daga rumfa. Wanda ya bi hanyarmu ya tuna cewa abin da ke foldojin kwamfuta a faifan kwamfutar kaɗai yake, babu shi a sabar. A “Tools” akwai “Export” da ke dunƙule komai a fayil ɗaya, amma in kayan sun wuce gigabait 2 ita kanta tana cewa ka kwafi foldar bayananta da hannu. Namu sun wuce, don haka duk ƙarshen wata nake rufe manhajar in kwafe foldar zuwa faifan waje, Kawu ya tafi da shi gida.